Wannan jirgin mai ɓari ɗaya, gaske ne ko haɗi?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga wani hoto baƙi da fari da ƙanena ya turo min jiya da daddare, tun lokacin muke musu. Jirgin sama ne, amma ku dubi yadda yake. Inji da farfela da doguwar gangar jiki har wutsiya duk suna gefe guda, sai wani ɗan ɗaki na gilashi a ɗaya gefen, zaune a kan fiffike kamar an ɗora akurkin kaji. Wutsiyar ma rabi ce. Ni na ce masa aikin kwamfuta ne, irin hotunan da yara ke haɗawa yanzu. Shi kuma ya rantse gaske ne. Masu sani a zo a raba mu.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Haɗi ne mana. Ko amalanke ba a ƙera ta haka. Wanda ya haɗa hoton ma bai iya ba, ya manta bai liƙa ɗaya injin ba. Da yake Bakano ne ya kawo, ba mamaki a kasuwa aka sayar masa.

Ɗan Fagge:
Bazazzagi, ai ni ma haɗin na ce. Ka karanta kafin ka fara tsokana.

Ɗan Yerwa:
Ni ina ganin jirgi ne mai jiki biyu aka harbo shi, ɓari ɗaya ya fita. A yaƙin duniya na biyu an yi irin masu wutsiya biyu da yawa.

Maman Hanif:
Ɗan Yerwa, da harbi ne ya cire ɓarin ai za a ga yage-yage. Kuma jirgin a ƙasa yake tsaye a kan tayoyinsa, ga mutane nan kusa da shi hankali kwance. Abin da ya ɗaure min kai shi ne inuwar. Na buɗe hoton sosai, inuwar da ke ƙasa ita ma ɓari ɗaya ce, ta yi daidai da jirgin. Masu haɗa hoto a nan suka fi yin tuntuɓe.

Baba Makanike:
Salamu alaikum. Na ga hoton tun bayan sallar asuba, na bari ku gama zuba tukuna. Ɗan Fagge, ka je ka ba ƙanenka haƙuri. Jirgin nan gaske ne, ya tashi, mutane sun shiga sun sauka lafiya. Sunansa Blohm & Voss BV 141, na Jamus ne. Kamfanin da ya yi shi a birnin Hambog yake, asalin sana'arsu ƙera jiragen ruwa, su ne ma suka ƙera babban jirgin yaƙin nan Bismarck. Injiniyan da ya zana shi Richard Vogt, kuma ya fara tashi a watan Fabrairun 1938.

Abin da ya kawo wannan siffa kuwa: a 1937 ma'aikatar jiragen sama ta Jamus ta nemi jirgin leƙen asiri mai inji ɗaya, mai ɗaukar mutum uku, wanda na ciki za su ga ko'ina. To in ka sa inji a hanci kamar yadda aka saba, inji da farfela sun tare maka gaba da ƙasa, alhali ƙasan ake son gani. Sai Vogt ya ce to a raba gari. Inji ya koma hagu da jikinsa, mutane su koma dama a ɗakinsu na gilashi.

Bazazzagi:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa muku suna da shekara ba. Amma hankali bai ɗauka ba. Inji yana ja daga gefe ɗaya, ai sai jirgin ya yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Baba Makanike:
Tambayarka tana kan hanya, ɗana. Abin da ba ka sani ba shi ne, jirgin da kake gani daidai wa daida, mai farfela ɗaya a hanci, shi ma ba miƙe yake son tafiya ba. Farfela tana juyawa gefe guda, jiki yana son murɗawa ɗaya gefen, iskar da take turowa baya kuma tana nannaɗe jiki ta je ta bugi wutsiya ta gefe. Shi ya sa lokacin tashi matuƙi yake danne feda da ƙafa don kada hanci ya kauce. Na sha gani da idona a shekarun da na yi ina aiki a ƙarƙashin ƙananan jirage. Vogt sai ya yi amfani da wannan karkatar. Farfela tana son kai hanci hagu, zaman injin a hagu yana son kai shi dama, sai su kashe juna. Kamar mai ɗauke da jarkar ruwa a hannu ɗaya ne, ka gan shi a karkace, amma karkacewar ce ta hana shi faɗuwa.

Maman Hanif:
Baba, nauyi fa? Inji ai ya fi mutum uku nauyi nesa ba kusa ba.

Baba Makanike:
Ki duba hoton da kyau, Hajiya. Jikin injin bai yi nisa da tsakiyar fukafukan ba, kuma ɗakin gilashin ba mutane kaɗai ke ciki ba, akwai bindigogi da kayan aiki. An auna komai yadda nauyin zai faɗo inda fukafukai ke ɗauka. Matuƙan da suka gwada shi ba su yi kuka da tuƙinsa ba. Ernst Udet da kansa, wanda babba ne a rundunar sama tasu, ya tuƙa shi.

Ɗan Yerwa:
To in yana da kyau haka me ya sa ba mu taɓa jin labarinsa ba?

Baba Makanike:
Don bai ci kasuwa ba. Aikin ya tafi ga Focke-Wulf Fw 189, mai wutsiya biyu da ɗakin gilashi a tsakiya, irin wanda kai ka zata an harbo. Abin dariyar, shi inji biyu gare shi, ya saɓa wa sharaɗin da aka gindaya tun farko, amma shi aka ɗauka aka ƙera ɗaruruwa. Sannan samfurin BV 141 na baya injin BMW 801 yake amfani da shi, injin da ake rububinsa don jirgin faɗa Fw 190. Wa zai ba ɗan leƙen asiri injin da mayaƙa ke jira? Kaɗan aka ƙera, kuma babu ko ɗaya da ya rage yau, sai hotuna.

Ɗan Fagge, ga wani abu a hotonka. Ka ce wutsiya rabi ce. Samfurin farko wutsiyarsa cikakkiya ce hagu da dama. A na biyun ne aka datse ɓangaren dama don mai bindigar baya ya samu fili. Na biyun a 1941 ya fara tashi, don haka hoton nan bai girmi 1941 ba. Wutsiya kaɗai ta ba ka shekara.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah. Na sha ƙasa. Yaron nan sai ya shekara yana min gori.

Bazazzagi:
Ni har yanzu da sauran shakka. Jirgin gaske ne, na yarda. Amma wannan hoton fa? Ai ana iya haɗa hoton ƙarya na abin gaskiya.

Maman Hanif:
Wannan kuma magana ce. Na sa sunan da Baba ya faɗa na bincika, hotunansa suna nan a ma'ajiyar tarihi ta gwamnatin Jamus, an ɗauka ta gaba, ta gefe, har yana sama. Na Ɗan Fagge ya yi daidai da su, har sandunan gilashin. Hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira in ka ƙirga tagogi ko ka karanta haruffan jiki sai ka ga shirme.

Bazazzagi:
To shi ke nan, na sallama. Amma mummuna ne, wannan ba mai hana ni faɗa.

Shugaban Zaure:
Tunda an buɗe babin munana, kowa ya kawo nasa, amma da sharaɗi: kada a saka suna, a bar mutane su gane. Kuma ban da zagi.

Ɗan Yerwa:
Ga nawa. Faifai ne da farfela biyu manya a gaba, tsaye a kan dogayen ƙafafu, hanci sama.

Bazazzagi:
Wannan ai gurasa ce, saura ƙuli da mai.

Na Damagaram:
Bazazzagi bai yi nisa ba, su ma Amurkawan da sunan wainarsu suke kiransa. Vought V-173 ne, na Charles Zimmerman, ya tashi a Nuwamban 1942. Katako ne da yadi, injuna biyu ƙanana masu ƙarfin doki 80 kowanne. Sojan ruwa ne ke son jirgin da zai tashi a ɗan gajeren fili a kan jirgin ruwa. An ƙera babban wansa na ƙarfe, XF5U, amma kafin ya tashi zamanin jet ya shigo, aka soke shi a 1947. Shi ƙaramin yana nan a gidan tarihi a Dallas.

Ɗan Fagge:
Na Damagaram, ashe ana karatu a wajenku. Ga wannan to, duro ne aka sa wa fukafukai.

Na Damagaram:
Tun kafin ku iya ƙirga kuɗi muke karatu. Stipa-Caproni ne, Italiya, 1932. Inji da farfela suna cikin duron, matuƙa biyu suna zaune a kan doronsa. Wannan ai na 'yan aji ɗaya ne.

Maman Hanif:
Ga wanda zai raba kanku. Ƙato ne a kan ruwa, injuna takwas jere a wuya, biyu a wutsiya, fukafukai gajeru kamar an gutsure.

Ɗan Yerwa:
Dodon Tekun Kasfiya! Na Tarayyar Sobiyet, 1966, aikin Rostislav Alekseyev. Tsawonsa mita 92. Amurkawa sun hango shi ta tauraron ɗan'adam suka rasa gane ko mene ne. Amma Hajiya kin karya doka, wannan ba jirgin sama ba ne. 'Yan mitoci kaɗan yake ɗagawa daga ruwa, yana hawa kan iskar da ke matsewa tsakanin fiffike da ruwan. Haruffan KM da ke jikinsa ma da Rashanci jirgin ruwa na gwaji suke nufi.

Maman Hanif:
Yana taɓa ruwa in yana gudu? Ba ya taɓawa. Yana da fukafukai? Yana da su. Matuƙin jirgin sama ke tuƙa shi? Shi ne. To me ya rage?

Ɗan Yerwa:
Ya rage ya haye dutse mu gani.

Shugaban Zaure:
Bahaushe ya riga ya yanke wannan shari'ar tun tuni. Na ruwa jirgi, na ƙasa jirgi, na sama jirgi. A wuce wurin.

Na Damagaram:
Baba Makanike, ni tambaya gare ni ba hoto. Ina yaro an kai ni Yamai wajen kawuna, gidansa ba nisa da filin jirgi. Akwai wani na soja da nake gani, ciki ƙato kamar randa, wutsiya biyu da sanda ta haɗa su a baya, ƙararsa har cikin ƙirji. Shekara da shekaru ina son sanin sunansa.

Baba Makanike:
Farfela nawa?

Na Damagaram:
Biyu, in ban manta ba. Ɗaya a gaban kowace wutsiya.

Baba Makanike:
Masu wannan siffa da za ka iya rikitawa uku ne. Argosy na Ingila farfela huɗu gare shi, ya fita. Saura C-119 na Amurka da Noratlas na Faransa. Tunda Yamai ka ce, ni Noratlas zan ce, don Faransa ta yi jigilar soja da shi sosai a ƙasashen nan, kuma sojan saman Nijar ma sun yi aiki da shi. An ɗaga wutsiyoyin ne aka raba su don bayan cikin ya buɗe, mota ta matso a yi lodi. Amma ka lura, da wurin na yi hukunci, ba da ido ba. Da hoto ne da na fi sakin baki.

Na Damagaram:
Na duba hotonsa yanzu. Wallahi shi ne. Har na ji ƙarar a kunnena. Allah ya saka da alheri, Baba.

Maman Hanif:
To tunda Baba yana kusa, bari in kawo na gidanmu, wannan ba wasa ba ne. Hoton nan a adakar kakanmu aka same shi bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Duk zuriyarmu an san shi da hoton jirgin da ya fara sauka a Kano. Haka aka faɗa wa mahaifina, haka ya faɗa mana, ni ma haka na faɗa wa yarana. Ya ɗan ci jiki, gefe ɗaya ruwa ya taɓa shi.

Ɗan Fagge:
Allah ya jiƙan kakanki. Kai, wannan dukiya ce. Ga masu rawani nan tsaye a gefe. Fiffike biyu ne sama da ƙasa, lallai tsohon gaske ne. Jirgin farko ai 1925 ne, a filin sukuwa.

Ɗan Yerwa:
Amin. Amma a gyara zance, jiragen 1925 sai da suka sauka a Maiduguri kafin su ga Kano. Kullum Kanawa sai su haɗiye wannan.

Ɗan Fagge:
Ya da zango daban, isa masauki daban. Kano suka nufa.

Baba Makanike:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, ku ajiye wannan. Hajiya, Allah ya gafarta wa kakanki. Zan faɗi abin da idona ya gani, ki yi haƙuri da ni.

Jiragen da suka zo a 1925 guda uku ne, samfurin DH.9A na sojan saman Ingila. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso a ƙarshen Oktoba, suka bi ta Sudan da Chadi, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. Jagoransu Arthur Coningham, wanda daga baya ya zama babban kwamanda a yaƙin duniya na biyu, kuma a 1948 jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace a teku kusa da tsibirin Bamuda. DH.9A inji ɗaya gare shi a hanci, mutum biyu yake ɗauka, kowanne a raminsa, kai a waje iska na dukansa. Ba shi da taga ko ɗaya. A jikinsa kuma akwai tambarin soja mai zobe cikin zobe.

Yanzu dubi naki. Hanci a rufe yake da gilashi, babu farfela a kansa. Ga tagogi a jere a gefe. Ga haruffa manya a jiki, ina iya karanta G da A kafin inda ruwa ya ci. Harafin G a farko rajistar farar hula ce ta Ingila, kamar yadda yau 5N take ta Najeriya, 5U ta Nijar, TT ta Chadi, 9G ta Gana. Wannan jirgin fasinja ne. Ba na 1925 ba ne.

Bazazzagi:
Dragon Rapide ne ke nan. Na san shi, fukafukansa masu tsini a ƙarshe, tayoyi cikin wando. Yau dai na ci ɗaya.

Baba Makanike:
Ka kusa, amma ka yi gaggawa. Gidansu ɗaya, de Havilland, kuma shekararsu ɗaya, 1934, shi ya sa suke kama kamar wa da ƙane. Ƙirga injunan da ke kan fiffiken ƙasa na gefen da muke gani.

Bazazzagi:
Ɗaya... a'a, ga wani can bayan mutumin nan mai farar riga. Biyu.

Baba Makanike:
Biyu a gefe ɗaya, huɗu ke nan. Rapide biyu gare shi gaba ɗaya. Wannan DH.86 ne. Kuma Hajiya, a nan labarin gidanku bai faɗi ƙasa ba. A Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum ta Sudan zuwa Kano, yana kawo wasiƙu, daga baya a shekarar aka miƙa ta har Legas. Da DH.86 aka yi wannan aikin. Don haka in an ce jirgin farko, wataƙila na farkon da ya riƙa zuwa a kai a kai ake nufi, baki ya yi ta gutsure zancen har ya koma na 1925.

Maman Hanif:
Gaskiya jikina ya yi sanyi. Shekara nawa ina nuna wa baƙi hoton nan ina bugun ƙirji. Amma na gode, Baba. Aƙalla dai a Kano aka ɗauka ko?

Na Damagaram:
Yaya, a nan ni zan ja birki. Jirgin bai faɗi gari ba. Hanyar ta bi ta Fashir da Jinaina a Sudan, da Njamena ta yau da Maiduguri, duk akwai masu rawani da manyan riguna. Ni ban ga ganuwa ko Dala a bayan hoton ba, fili ne fetal da bishiya biyu.

Ɗan Fagge:
Haba Na Damagaram. A adakar Bakano aka same shi, a Kano. Sai a ce Fashir?

Ɗan Yerwa:
Mahajjatan da suka bi ta ƙasa fa? Mutum nawa suka shekara a Sudan suka dawo da tarkace a adaka? Ni naɗin rawanin na biyu daga hagu ma bai yi min kama da na Kano ba.

Ɗan Fagge:
Kai komai sai ka ja shi gabas. Naɗin dogarai ne wannan, ko makaho ya shafa ya sani.

Maman Hanif:
Kakan namu dai bai je Makka ta ƙasa ba, amma wansa ya je, kuma a gida ɗaya suka zauna. Kun ƙara rikita ni.

Baba Makanike:
Ni iyakata jirgi, rawani ba fannina ba ne. Abin da zan tsaya a kai: DH.86 ne, rajistar Ingila, kuma in a wannan hanyar aka ɗauka bai girmi 1936 ba. Da sauran haruffan uku sun fito da an san ko wanne ne a cikinsu, don kowanne da sunansa. Hajiya, hoton a cikin firam yake? In haka ne ki cire shi a hankali ki duba bayansa. Masu ɗaukar hoto na da sukan buga hatimi, masu shi kuma sukan yi rubutu.

Maman Hanif:
Na cire. Babu hatimi, amma akwai rubutun ajami layi biyu da tawada, ta koɗe ta koma ja. Ni ajamina bai wuce na allo ba, kuma wutar nan tamu ba ta nuna komai. Ga shi na ɗauka.

Bazazzagi:
Ba ya karantuwa, hasken waya ya haske shi. Kalmar farko kamar "jirgin", ta ƙarshen kuma ko "Kano" ko "kanti", wasalin ya goge.

Ɗan Fagge:
Kano ce.

Ɗan Yerwa:
Ka ga ma ba ka buɗe hoton ba.

Shugaban Zaure:
Hajiya, ki bari sai da safe ki fita tsakar gida ki ɗauka a inuwa, ban da filasha, ki ɗauki kowane layi daban. Akwai wani malami a zauren nan da ke karanta tsofaffin takardu, zan taɓo shi bayan azahar.

Maman Hanif:
To, Allah ya kai mu. Zan kuma ɗauko inda ruwan ya ci ta kusa, ko Baba zai iya tsinto harafi na uku.